Baƙin da Abdulgaffar Ya Sauke a Kango

Katangarmu ɗaya da gidan Abdulgaffar a Batsari, kuma katangar ba ta da wani tsawo, saboda haka abin da zan faɗa game da shi ba a bakin rijiya na tsinto ba. Wani na gani da idona, wani na ji da kunnena, sauran kuma matarsa Ramlat ce ta ba ni a lokutan da abin ya ishe ta.

An haife shi a wata 'yar unguwar manoma da ke bayan Ruma, daidai inda daji yake farawa. Mahaifiyarsa ta rasu yana rarrafe, sai ƙanwarta Inno ta ɗauke shi ta haɗa da ɗanta Yusha'u, wanda ya ɗan girme shi. A ƙwarya ɗaya suka sha fura, tare suka yi kiwon awaki. Da aka zo ɗiban yara makaranta, Inno ta ba da Audu, kamar yadda take kiransa, ta bar nata ɗan a gona. Ta ce maraya ya fi buƙatar abin da zai riƙe a hannunsa. Ya yi karatu kuwa, wannan ba a hana shi ba, kansa yana ja. Ya samu aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya yi aure, ya gina gida, har ya fara ɗora wani ginin a filin da ke gefe, ya kai shi linta ya tsaya. Tun daga lokacin ya daina amsa sunan Audu. Ko a masallaci ka kira shi da shi, sai ya yi kamar da wani kake.

Da ya ga aikin ofis ba zai ba shi girman da yake nema ba, sai ya shiga karatun digiri na biyu a wata jami'a, yana zuwa ƙarshen mako yana dawowa. Binciken da ya zaɓa shi ne yadda mutanen karkara suke rayuwa bayan 'yan bindiga sun raba su da gidajensu. Idan ka tambaye shi, da Turanci zai fara gaya maka, ya ɗan dakata ya ga ka ruɗe, sannan ya fassara maka kamar mai ba ka sadaka.

Malamin da ke duba aikinsa, wanda ba mu taɓa jin ya kira shi da wani suna ba sai Farfesa, ya ce dole ya shiga ƙauyuka ya zauna da mutane, ya je Ruma, ya je Runka, ya je Tsaskiya. Ni ban ga laifin wanda ya ji tsoron waɗannan hanyoyi ba, maza da suka fi shi zuciya sun ji. Abin da ya ba ni haushi shi ne wasan da yake yi da hankalinmu. Sai ya sa wasu manyan takalma da riga mai aljihu ta ko'ina, ya rataya jaka, ya yi sallama da Ramlat kamar mai tafiya yaƙi, ya hau babur. Maigidana da yake yana kai kaya Safana, ya sha ganinsa a can cikin gari, a shagon wani abokinsa mai buga takardu, yana shan lemo a ƙarƙashin fanka. Da la'asar Abdulgaffar ya dawo yana nishi, yana cewa shiga ƙauye ba aikin kowa ba ne. Ruma kuwa, inda Inno take, rabonsa da ita tun kafin a haifi 'yarsa Mubina, ga Mubina har ta fara zuwa Islamiyya.

Ana haka sai korona ta zo. A bazarar shekarar aka rufe makarantu da jami'o'i, aka taƙaita kasuwanni, aka kafa shingaye a hanyoyi, rediyo ba ta da zance sai wanke hannu da ba da tazara. Masu nema kullum suka shiga uku, mata suka fara rage tuwon dare. A duk layinmu fuskar Abdulgaffar kaɗai na ga ta washe. Farfesa ya kira shi ya ce jami'a ta hana ɗalibai cuɗanya da jama'a, amma bincike ba zai tsaya ba, kowa ya ci gaba da nasa ta waya. Ranar har tsire ya sayo wa iyalinsa.

Ban ce cutar ƙarya ba ce. Ni ma na ajiye sabulu a bakin ƙofa, kuma a lokacin mun yi rashin wani ɗan'uwanmu a birni wanda har yau ba mu san abin da ya kashe shi ba. Amma shi Abdulgaffar ɗaukar abin ya yi ya mai da shi rawani. Ya kafa bokiti mai famfo a ƙofar gida, ya sa takunkumi, ya ƙara da safar hannu. Ɗan garuwa ba ya wuce zaure, mai gaisuwa sai dai ya tsaya a titi su yi ta ɗaga murya. Mai kawo masa man janareta ne kaɗai yake shiga har tsakar gida ba a ce masa komai, don janaretan ne ke ba kwamfuta wuta, ita kuwa cutar da alama tana jin kunyar mai fetur.

Sabis ɗin waya ba ya kamawa a gidansa sai a wani lungu da ke jikin katangata, sai ya kife turmi ya hau kai. Saboda haka kusan duk binciken nan a kunnena aka yi shi, ina wanke-wanke ko ina tsintar wake. Yana buɗe muryar wayar don rikodarsa ta ɗauka. Mutanen da yake kira ba wasu ba ne illa danginsa da abokan wasansa na ƙuruciya, waɗanda ya shekara bai tambayi lafiyarsu ba. Wata ranar na ji ya samu Yusha'u, wanda sai ya hau dutse a bayan unguwarsu kafin waya ta shiga.

"Yaya Yusha'u, ka saurara da kyau," in ji Abdulgaffar. "Idan ka ji ƙarar babura sun nufo gari, tsoron da kake ji mai yawa ne ƙwarai, ko mai yawa, ko matsakaici, ko kaɗan?"

"Audu, wace irin tambaya ce wannan? Tsoro ai tsoro ne."

"Ka dai zaɓi ɗaya. Kuma na roƙe ka, idan muna aiki ka daina ce mini Audu, ana naɗa."

"To, sa mai yawan," in ji Yusha'u. "Ka ji, dama nemanka nake. Kwanan nan ana ganin mutanen a bakin daji. Sun kwashe shanun maƙwabcinmu Ɗan'auta, sun kuma aiko cewa za su dawo. So nake in turo maka Inno da Barira da yara su ɗan zauna wajenka har abin ya lafa. Ni zan tsaya in yi sharar gona."

Barira ita ce matar Yusha'u. Na tsayar da abin da nake yi ina jiran amsa. Abdulgaffar ya yi gyaran murya.

"Yaya, ai ka san halin da ake ciki. An hana zirga-zirga, ni kuma ma'aikacin hukuma ne. Idan aka ga ni na fara karya doka, me za a ce? Ku dage da addu'a, a bari a ɗage kullen. Yanzu mu je tambaya ta gaba. A ganinka, wa ya fi kamata ya taimaka wa mutanen da ke cikin irin halinku, gwamnati, ko ƙungiyoyi, ko 'yan'uwa?"

Wayar ta katse. Ya sauko daga turmin yana tsaki, yana zagin kamfanin waya. Ni dai na san kamfani bai yi masa laifin komai ba.

Cikin azumi abin ya faru. Bayan an yi sallar asuba 'yan bindiga suka shiga unguwar su Inno, suka ƙone rumbuna, suka kora shanu, suka tasa wasu maza a gaba don su kora musu dabbobin zuwa daji. Yusha'u yana cikinsu. Matan suka bi ta gonaki a ƙafa har suka fito hanya, wani mai a-kori-kura ya kwaso su. Rana tana tsaka suka iso layinmu. Ina tsaye a ƙofa na ga Inno, 'yar tsohuwa siririya, da ƙullin kaya a ka da takalmi ɗaya a ƙafa. Barira tana bayanta da goyo, tana jan yara biyu da leɓunansu suka bushe.

Ramlat ce ta fara fitowa. Tana ganin su ta saki salati ta nufi Inno za ta rungume ta.

"Ramlat, tsaya nan!" Abdulgaffar ne ya daka tsawa daga zaure. Ya fito yana gyara takunkumi, ya tsaya can nesa. "Inno, sannunku. Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya kiyaye gaba. Ku fara wanke hannu tukuna."

Suka wanke. Inno har da wanke wa yaran, ɗaya bayan ɗaya, tana kallonsa ko ta yi daidai. Sannan ya yi musu bayani, a tsanake, irin bayanin da yake yi wa mutane a ofis. Ya ce sun zo a mota cike da jama'ar da ba a san inda suka shiga ba, kuma ƙa'ida ita ce duk wanda ya zo daga wani wuri a killace shi na wani lokaci. Ya nuna ginin nan nasa da bai ƙarasa ba. Ya ce ga wuri nan, akwai iska sosai.

"Abban Mubina, Inno ce fa," in ji Ramlat. "Kangon nan ko rufi ba shi da shi. Ga zafi, ga azumi a bakinsu."

"Na fi ki sanin ko wace ce. Ilimi ne yake magana, ba son zuciya ba."

"Bar shi, 'yar nan," in ji Inno. "Shi ya yi karatu, shi ya san abin da ya kamata. Mu da muka fito da ranmu, ina ne ba za mu zauna ba?"

Ta ɗauki ƙullinta ta shiga kangon. Na bi ta na ce ta taho gidana, ɗakin surukata yana nan ba kowa. Ta riƙe hannuna ta girgiza kai. Ta ce idan ta shiga gidana, gobe garin nan zai ce Audu ya kori uwarsa, ita kuwa ba za ta ja masa wannan ba. Duk yadda na yi da ita ta ƙi. Maigidana ya kawo tamfol ya ɗaura a kusurwa ɗaya, muka kai tabarmi da randa. Ramlat tana miƙa musu abinci ta kan katanga, don an hana ta taka ƙafarta a wurin. Shi kuma maigidana da wasu dattawan layi su suka je suka kai rahoton Yusha'u wajen hukuma, Abdulgaffar kuwa yana gida yana fesa wa ƙofa magani.

Da yammacin ranar na ji an kife turmi. Farfesa yake kira. Da Turanci suka yi magana, amma na koyar a firamare kafin in ajiye aiki, Turancin bai fi ƙarfina ba. Cewa ya yi ya samu 'yan gudun hijira sababbi, waɗanda abin ya same su a ranar, kuma suna kusa da shi yadda zai iya yi musu tambayoyi ido da ido ba tare da ya saɓa dokar tazara ba. Bai ce uwarsa ce ba. Farfesa ya ce wannan dama ce da ba kowane ɗalibi yake samu ba, kada ya yi wasa da ita. Muryar Abdulgaffar har rawa take don murna.

Washegari ya fito da kujerar roba ya kafa a bakin kangon. Ya ɗaure rikoda a kan wata doguwar gora yana miƙa ta ciki, kamar mai kaɗo mangwaro. Da ya koma ya saurara, ba abin da ya fito sai iska da kukan jariri. Kashegari kujerar ta matsa ciki. Kafin mako ya zagayo an jingine gorar a bango, Abdulgaffar yana zaune a gefen tabarmar Inno, takunkumi a ƙarƙashin haɓa don ta ji shi da kyau, rikoda kuma dab da bakinta. Cutar da ta hana Inno shiga ɗaki ba ta hana shi shan numfashinta ba, tunda babi na huɗu na bincikensa yana buƙata.

Ina wurin ranar da ya juya kan Barira, na kai musu ƙanƙarar buɗa baki.

"Tun da aka tafi da mijinki," in ji shi, "me ya fi damunki, abinci, ko wurin kwana, ko rashin labarinsa?"

Barira ta dube shi, ta dubi rikodar, ta juya fuskarta bango. Kafaɗunta suka fara rawa. Ya ɗan jira, sannan ya faɗa wa rikodar da Turanci cewa wannan ta ƙi amsawa.

"Ƙyale yarinyar nan, ni ka tambaye ni," in ji Inno.

Ta kuwa ba shi labari tiryan-tiryan, tun daga ƙarar baburan har inda ta ga bayan Yusha'u na ƙarshe, yana kora shanun da shi ya yi kiwonsu, wani yaro da bindiga yana dukansa da sanda. Ba ta yi kuka ba. Ita a zatonta duk wannan naɗar da ake yi, manya za a kai wa don su tura a nemo ɗanta.

"Ka faɗi sunansa da kyau a ciki," in ji ta. "Yusha'u. Ka ce yana da tabo a goshi, inda saniya ta taɓa harbinsa."

"Inno, a bincike ba a sa suna. Ƙa'ida ce, don a kare mutuncin mutane."

"To in ba suna, wa za su nema?"

Ya duba agogo ya ce cajin rikodar ya kusa ƙarewa.

Na saba zama da su bayan magariba mu sha kunu tare. A irin wannan zaman ne Inno ta ba ni labarin shekarar da ƙyanda ta shiga unguwarsu, ta kama Audu yana ƙarami. Ta ce jikinsa duk ya feso, idanunsa suka rufe, mutane suka ce ta raba shi da Yusha'u ta sa shi a bukka shi kaɗai. Ita kuwa ta goya shi ta taho da shi asibitin Batsari a ƙafa, ta kwana da shi a ƙirjinta har ya warke. Ba don ta yi ƙorafi ta faɗa ba. Alfahari take yi, wai ga shi yanzu ya zama mutum, har manyan malamai suna kiransa a waya. Ni dai sai na ajiye kununa.

Ana saura kaɗan Sallah aka zaɓe shi ya gabatar da abin da ya samu a wani taro da jami'ar ta shirya ta intanet, kowa yana gidansa ana ganin juna a kwamfuta. Tun safe yake shiri. Ya sa kwat, ya jera littattafai a bayansa, ya ja wata doguwar waya daga lungun sabis har falo, aka tayar da janareta. Ya gargaɗi Ramlat kada a ji ko tarin Mubina.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar. Iska ta taso da ƙarfi, ta fizge tamfol ɗin kangon ta jefa shi a kan bishiyar darbejiyarmu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Jaririn Barira dama yana fama da zazzaɓi. Ina ƙoƙarin neman lema na ga Ramlat ta fito a guje ko mayafi babu. Ta shiga kangon, ta karɓi jaririn ta sa a cikin zaninta, ta kama hannun Inno ta ja ta. Inno tana cewa a bari a tambayi Audu, Ramlat ba ta ko saurare ta ba. Na kwaso sauran yaran muka bi su.

Dole sai an wuce ta ƙofar falo kafin a kai ɗakin Ramlat. Abdulgaffar yana tsakiyar magana, yana bayyana wa malamai irin wulaƙancin da 'yan gudun hijira suke fuskanta a garuruwan da suka sauka, sai ya ga jerin mutane jiƙe sharkaf suna wucewa. Ya danna wani abu ya rufe muryarsa, ya leƙo.

"Ramlat, me kike yi haka?"

"Abin da ya kamata in yi tun ranar da suka zo," in ji ta. "In korona ce, ta kama ni. Ka koma, mutanenka suna jiranka."

Ya tsaya yana kallon Inno, ruwa yana ɗiga daga ɗankwalinta. Na ɗauka zai ce wani abu. Sai aka kira sunansa daga cikin kwamfutar, ya juya ya rufe ƙofa. Muna cikin ɗaki muna canza wa yara kaya muka ji ana tafa masa. Daga baya Farfesa ya yaba masa a gaban kowa, ya ce ga ɗalibin da bai bar annoba ta raba shi da talakawa ba.

Tun daga ranar ya killace kansa a falo. Ya ce tunda an cika masa gida da mutanen da ba a gwada ba, shi zai kare kansa. Ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa, ya miƙo hannu da safa ya ɗauka. Ramlat ta ce mini tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa samun sakewa irin ta wannan lokacin ba. Inno ta karɓi tuƙin tuwo, Mubina ta samu abokan wasa, jaririn ya warware. Babu wanda ya yi ko mura.

Bayan Sallah Yusha'u ya dawo. Ya samu ya sulale ne wata rana da aka tura shi shayar da shanu, ya yi ta tafiya cikin daji har ya ɓullo wajen Runka, wani mai babur ya kawo shi. Da ƙyar na gane mutum ne mai shekarun maigidana. Ya rame, ƙafafunsa sun tsattsage sun kumbura, bayansa duk shatar bulala. Barira ta faɗi ƙasa, Inno ta zauna a inda take tsaye tana ta hamdala. Layi ya cika da masu barka. Abdulgaffar ya buɗe tagar falo ya ce sannu da zuwa, ya rufe.

Da safe Yusha'u yana zaune a tsakar gida, Barira tana gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi, ni kuma na kawo masa man shafawa. Sai ga ƙofar falo ta buɗe. Abdulgaffar ya fito, karo na farko tun ranar ruwan, da rikoda a hannu, 'yar jar fitilarta tana ci.

"Yaya, alhamdulillahi," in ji shi. "Na ce tun abin yana sabo a kanka, ko za ka ɗan ba ni yadda zaman dajin ya kasance."

Yusha'u ya dube shi.

"Audu, ka gaishe ni tukuna."

Abdulgaffar ya ɗan diririce, sannan ya durƙusa. Ya ce ina kwana, ya ce yaya jiki, ya ce yaya aka ji da wannan abu. Yusha'u ya amsa kowace gaisuwa cikakkiya, bai rage ko ɗaya ba, har ya tambaye shi aiki da karatu. Da suka gama ya ce, "Barira ta gaya mini inda ka sauke su. Da asuba na leƙa na gani."

"Yaya, doka ce ta zo da haka. Ba ni na..."

"Na ji. Kashe abin nan."

Ya kashe.

"Abin da na gani a daji zan gaya wa Inno," in ji Yusha'u, "zan gaya wa hukuma in sun tambaye ni, don akwai sauran mutane a can. Kai ba ka da rabo a ciki. Ka yi karatunka da wanda ka riga ka samu."

Bai ɗaga murya ba. Abdulgaffar ya miƙe ya koma falo. Da ƙafafun suka ɗan yi sauƙi, Yusha'u ya nemo mota ya kwashe iyalinsa zuwa Safana, wajen wan Barira. Ramlat ta yi kuka ta roƙe su su zauna, Yusha'u ya yi mata godiya mai yawa ya ce a'a. Inno ce ta tsaya a ƙofar falo kafin ta fita, ta ƙwanƙwasa a hankali ta ce, "Audu, mun tafi. Allah shi ba ka sa'ar karatunka, Allah shi yi maka albarka." Ya amsa daga ciki.

Karatu kuwa ya yi sa'a. Da aka buɗe jami'o'i yana cikin waɗanda suka fara kammalawa, don sauran ɗaliban kullen ya tsayar da su, shi kuwa kayan aikinsa har gida suka same shi. Aka yi walima a ƙofar gidansa, da rumfa da kujeru da lasifika. Masu jawabi suka yi ta cewa ga ɗan ƙauye wanda bai manta da mutanensa ba. Na leƙa littafin binciken nasa da aka ɗora a kan tebur don baƙi su gani. A shafin godiya akwai Farfesa, akwai shugabanninsa na ofis, akwai abokin nan nasa mai shagon buga takardu. Daga Safana ba wanda ya zo, ban kuma san ko an gayyace su ba.

Ba a daɗe ba wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi aiki a Katsina a matsayin masani kan 'yan gudun hijira. Ya sayar da gidan da kangon, suka koma birni. Ramlat tana kirana lokaci lokaci, kuma na san duk abin da ta samu tana aika wa Barira ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Yusha'u bai koma Ruma ba. Yana aron gona a bayan Safana, yana ɗingishi har yau, shanunsa kuwa ko ɗaya bai dawo ba.

Bara Inno ta rasu a can Safana bayan 'yar gajeriyar jinya. Muka je gaisuwa ni da maigidana washegarin jana'iza. Muna nan sai ga farar mota mai tambarin ƙungiya ta tsaya, Abdulgaffar ya fito, ya yi ƙiba, ya fara furfura. Ramlat ta shigo wajenmu mata, shi kuma ya zauna a tabarmar maza. Maigidana ya ce da aka fara addu'a sai ya fashe da kuka, kuka sosai irin na yaro, har Yusha'u ya matso ya dafa kafaɗarsa yana ba shi haƙuri. Na yarda ya so ta, iyakar yadda irinsa yake iya son mutum.

Ba a kai la'asar ba direban ya zo ya raɗa masa cewa lokaci ya yi, ofis ba ya yarda motarsu ta yi yamma a wannan hanya. Ya share fuska, ya bi mutane da musafaha, ya aiko a kira Ramlat. Ta ce a gaya masa ita sai an yi addu'ar uku, za ta biyo motar haya. Yusha'u ya raka shi har bakin mota yana jan ƙafa, ya jira ta tashi, sannan ya dawo ya zauna ya ci gaba da karɓar gaisuwa.